Ɗaukar Nauyi: Tarken Fim ɗin Kanehsatake da Kuɗin da Ya Haife Shi

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Hausa ya san jerin sunayen da ke wucewa kafin labari ya kankama: labari da tsarawa, ɗaukar hoto, tacewa, ba da umarni, sai kuma ɗaukar nauyi. Muna yara, wannan ne lokacin gyara zama da aiken ƙaramin cikinmu ya ɗebo ruwa, domin ba wanda ya zo kallon rubutu. Sai da na shiga jami'a na fara koyon tarke sannan na lura cewa a aji ma haka muke yi wa wannan layi na ƙarshe. Mukan warware jigo, mu bi salo, mu auna zubi da tsari, mu tsaya kan taurari ɗaya bayan ɗaya, amma tambayar wa ya biya, kuma da wane sharaɗi, mukan cire ta mu ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi, sai ka ce za ta ɓata shimfiɗar adabi.

A wannan maƙala ina so in shigo da takalmin ciki. Abin da nake son nunawa shi ne, a fim ɗin gaskiya, wanda 'yan harkar ke kira dokumentari, yadda kuɗi suka zo yakan bar sawu a jikin fim ɗin kansa: a inda aka kafa kyamara, da tsawon lokacin da ta zauna, da wanda aka bari ya ƙarasa maganarsa. Zan yi haka ne da fim guda, Kanehsatake: 270 Years of Resistance, wato shekara 270 na turjiya, wanda Alanis Obomsawin ta fitar a 1993. Ita 'yar ƙabilar Abenaki ce, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar da yau ake kira Kanada, waɗanda zan riƙa kira 'yan asalin ƙasa. Na fara kallon fim ɗin ne a waya lokacin da nake bautar ƙasa, cikin dare uku, domin tsawonsa ya kusa awa biyu kuma cajina ba ya kaiwa.

Ga abin da ya faru. A 1990 hukumar garin Oka da ke lardin Kebek ta amince a faɗaɗa wani filin wasan golf daga ramuka 9 zuwa 18, a kuma gina gidajen alfarma. Filin da za a ci wani kurmi ne da Mohawk na Kanehsatake ke ɗauka nasu, kuma maƙabartar kakanninsu na wurin. Suka datse hanyar shiga. Ranar 11 ga Yuli 'yan sandan lardin suka far musu da hayaƙi mai sa hawaye, iska ta juya hayaƙin kan waɗanda suka harba shi, aka yi musayar wuta, wani kofur mai suna Marcel Lemay ya rasa ransa, 'yan sanda suka janye suka bar motocinsu. 'Yan uwansu na Kahnawake suka rufe gadar Mercier da ke shiga birnin Montreal domin nuna goyon baya. A watan Agusta aka turo soja. Aka yi kwana 78 ana kallon kallo ta tsakanin waya mai ƙaya, har zuwa 26 ga Satumba.

Gidajen talabijin na duniya sun ɗauki wannan rikici, kuma hoton da ya fi yawo shi ne na wani matashin soja da wani mai rufe da fuska suna tsaye hanci da hanci. Wannan hoto daga waje aka ɗauke shi, kuma abin da yake faɗa shi ne ga doka, ga kuma wanda ba shi da fuska. Abu na farko da fim ɗin Obomsawin ya yi shi ne ya tsallaka wayar. Kyamararta tana bayan shingen, tana kallon sojoji suna matsowa, ta yadda mai kallo zai ji shi ne ake kewayewa. A can ciki mayaƙan sukan cire ƙyallen fuska, su yi barkwanci, su yi zancen 'ya'yansu, su gaji. Mata ne ke gaba a magana, irin su Ellen Gabriel da aka wakilta ta yi magana da yawun al'umma, kuma fim ɗin ba ya gaggawar yanke su. Muryar da ke ba da labari ta Obomsawin ce da kanta, a sanyaye, ba ta ɗaga ta ko a wurin da mai kallo ke jin kamar ya yi ihu. Wannan sanyin murya shi ne makaminta mafi kaifi. Idan jami'in soja ya gaya wa 'yan jarida abu, sai ta nuna abin da kyamara ta gani a wannan lokaci, ta yi shiru, ta bar biyun su yi shari'a a gaban mai kallo.

Akwai wani wuri da fim ɗin ya tsayar da rikicin cak, ya koma shekarar 1717, lokacin da Sarkin Faransa ya ba limaman ɗariƙar Sulpis ta cocin Katolika wannan ƙasa, Mohawk kuma suna zaton an riƙe musu ita amana ne. Da tsofaffin zane-zane da taswira ta bi yadda aka yi ta sayar da ƙasar gutsure-gutsure. A kallona na farko na ƙosa da wannan sashe, na so a koma bakin shinge. A kallo na biyu na gane cewa shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma daga nan sunansa ya fito. In babu shi, abin da ya rage rigima ce kan filin wasa. Ɗan jaridar da ke da minti biyu a labaran dare ba zai iya komawa 1717 ba ko da ya so. Mai awa biyu, mai shekara uku na zama a ɗakin tacewa, shi ke da wannan sarari.

To, wa ya ba ta sararin? A nan ne maganar ta yi nauyi. Obomsawin ma'aikaciya ce a Hukumar Finafinai ta Ƙasar Kanada, wadda aka kafa a 1939 kuma baitulmalin gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinta. Ta shiga hukumar a 1967 a matsayin mai ba da shawara, bayan ta yi suna a waƙa, ta fitar da fim ɗinta na farko a 1971. Ashe ke nan aljihun da ya biya sojan da ke wancan gefen waya shi ya biya kyamarar da ke wannan gefen. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma da na fara sanin wannan sai na koma fim ɗin ina neman wurin askin. Ban same shi inda na zata ba. Fim ɗin bai sassauta wa Firayim Minista Brian Mulroney ba, bai sassauta wa shugaban lardin Robert Bourassa ba, bai kuma kawar da kai daga mutanen Châteauguay da suka ƙona mutum-mutumin Mohawk suna sowa ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba yawan kuɗin ne ya yi wannan fim ba, siffarsu ce. Albashi ne. Mai albashi ba ya rubuta takardar neman tallafi kafin ya fita. Ranar da rikici ya ɓarke Obomsawin na kan wani aikin daban, ta ji labari a rediyo, ta juya akala. Ta zauna har ƙarshe. Da ma'aikatanta suka fita, ta ci gaba ita kaɗai da ƙaramar kyamarar bidiyo da na'urar naɗar murya, tana rage gudun na'urar domin kaset ya daɗe. Wannan ƙarancin ma ya bar tabo a fim ɗin, domin a sashen ƙarshe hoto yakan yi dishi-dishi, wani wurin murya ce ke ɗauke da labarin. Bayan haka ba wanda ya tsaya mata a ka cewa kuɗin tacewa sun ƙare. Ta yi shekara uku. Daga abin da ta tara ta sake fitar da finafinai uku: ɗaya a 1995 kan Kahentiiosta, matar da aka tsare kwana huɗu fiye da sauran mata saboda ta ƙi ba da wani suna in ba nata na Mohawk ba, ɗaya a 1997 kan Randy Horne, maƙerin ƙarfen gini da sojoji suka lakaɗa wa duka, na ƙarshe a 2000, kan ranar da gungun mutane suka yi ruwan duwatsu a kan jerin motocin da ke fitar da tsofaffi da mata da yara daga Kahnawake. Shekara goma kan al'amari guda. Babu tallafin aiki guda da ke sayen shekara goma.

Domin a ga bambancin ba sai an je nesa ba, ita kanta ta ɗanɗana ɗaya gefen. A watan Yunin 1981 'yan sandan Kebek sun kai samame sau biyu kan al'ummar Mi'kmaq ta Restigouche saboda kamun kifi. Obomsawin ta nemi tafiya nan take, amma kafin takardu su gama zagaya ofisoshin hukumar, ƙura ta lafa. Fim ɗin da ta fitar a 1984, Incident at Restigouche, da hotuna marasa motsi da labarin waɗanda abin ya shafa aka gina shi, sai kuma wata zazzafar hira da ta yi da ministan da ya ba da umarnin samamen, Lucien Lessard. Fim ne mai kyau, amma fim ne na wanda ya iso bayan an share fili. Hukuma ɗaya, mace ɗaya, lardi ɗaya, shekara tara tsakani. Abin da ya canja shi ne a 1990 ta kai matsayin da za ta tafi tukuna, izini ya biyo baya.

Na san ciwon wannan a ƙaramin mataki. Bayan na kammala digiri na nemi wani ɗan tallafi daga wata gidauniya domin in ɗauki tsofaffin ƙauyen kakata da ambaliya ta tasa. Takardar cikewa ta nemi in faɗi yadda fim ɗin zai ƙare da irin sauyin da zai kawo, alhali ban riga na gaisa da kowa da kyamara a hannu ba. Na ƙirƙiro ƙarshe na rubuta, kamar yadda nake zaton kowa ke yi. Kafin amsa ta zo biyu daga cikin tsofaffin sun rasu, amsar kuma a'a ce. Ba na kwatanta kaina da 'yan asalin Kanada, domin mu ba a mayar da mu tsiraru a ƙasar kakanninmu ba. Na kawo wannan ne kawai domin shi ya buɗe mini ido na ga cewa takardar neman tallafi ita ma marubuciya ce, tana shiga fim tun kafin a kunna kyamara.

Wannan daɗaɗɗen abu ne. Fim ɗin da ake yawan kira kakan dokumentari, Nanook of the North na Robert Flaherty, wanda ya fito a 1922, kan Inuit na arewacin Kebek aka yi shi, kuma kamfanin fatu na Faransa, Revillon Frères, ya ɗauki nauyinsa. Mutumin da aka kira Nanook sunansa Allakariallak, da bindiga yake farauta, amma aka sa shi ya riƙe mashi. A kantin kamfanin aka nuna shi yana cizon faifan garmaho kamar bai taɓa ganin irinsa ba, ɗan kasuwa Bature kuma na tsaye a matsayin mai kirki. Inuit ɗin sun taimaka wajen sarrafa kyamara da wanke fim, sun ba da shawarar abin da za a ɗauka, amma sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe. Mu ma nan mun san irin wannan kallo. A 1939, shekarar da aka kafa hukumar Kanada, Ingila ta kafa sashen finafinan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara harkar yana jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Wannan shi ne asalin majigin da kakanninmu suka kalla a ƙofar fada, inda mota ke zuwa da allo da darasi, ta koya wa mutane yadda za su zauna a gidajensu.

Saboda haka kada a ɗauka hukumar Kanada ta tashi da tsarki. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani fim na 1969, You Are on Indian Land. A 1968 hukumar ta horar da wasu matasa 'yan asalin ƙasa a ƙarƙashin wani shiri na amfani da fim domin kawo sauyi a al'umma. Ɗaya daga cikinsu, Mike Kanentakeron Mitchell, ɗan Mohawk na Akwesasne, ya san cewa mutanensa za su rufe gadar da ta ratsa ƙasarsu tsakanin Kanada da Amurka, saboda harajin kwastan da suke ganin ya saɓa wa yarjejeniyar Jay ta 1794. Shi ya nemi a turo kyamara, shi ya tsara abin da za a ɗauka, shi ne kuma ke gaban kyamara yana jayayya da 'yan sanda har aka kama shi. Da fim ya fito, sunan wani ma'aikacin hukumar, Mort Ransen, aka rubuta a matsayin mai ba da umarni. Ransen da kansa ya nemi a gyara. Sai a 2017 aka gyara, bayan shekara 48, lokacin Mitchell ya riga ya yi shugabancin al'ummarsa ya tsufa. An ba shi horo, an ba shi kayan aiki, an hana shi suna. A harkar fim kuwa suna jari ne, domin da sunan da ke kan fim na farko ake neman kuɗin na biyu.

Ita ma waccan ƙungiyar matasa ba ta yi tsawon rai ba. Sashen da hukumar ta buɗe a Edmonton a 1991 domin 'yan asalin ƙasa, shekara guda bayan Oka, an rufe shi a 1996. Wannan shi ne abin da ke hana ni yi wa tsarin da ya haifi Kanehsatake kirari. Ya ba mace ɗaya inuwa ta sama da shekara hamsin, ta yi finafinai sama da hamsin a ciki, amma sauran tsararrakinta shiri-shiri aka yi ta ba su, kowane da ranar mutuwarsa a rubuce. Idan aka nuna Obomsawin a matsayin shaidar adalcin hukuma, an yi amfani da ita ne wajen rufe waɗanda ba su samu kujerar ba. Kuma a nan ne, a ganina, askin kuturun yake. Ba a cikin fim ɗin aka yi shi ba, a wajensa aka yi. Ƙasar da ta tura soja tana iya ɗaga fim ɗin a bukukuwan duniya ta ce ku duba irin 'yancin da muke bayarwa. Ko wannan ma da jan ƙafa aka yi, domin gidan talabijin na ƙasa, CBC, ya ƙi nuna shi da farko. Tashar Channel 4 ta Ingila ce ta fara haska shi, sannan ya ci kyautar fim mafi kyau na Kanada a bikin Toronto na 1993, kafin daga baya gidan ya nuna wa 'yan ƙasar abin da aka yi da kuɗin harajinsu.

Fim ɗin kansa ba ya rasa abin faɗa. Mutuwar Kofur Lemay ya ambace ta ya wuce, alhali shi ma rai ne, yana da iyali. Saɓanin da ke tsakanin Mohawk su kansu, tsakanin masu ɗaukar makami da masu ganin hakan kuskure ne, da tsakanin majalisar da dokar Kanada ta kafa da tsarin gargajiya, bai samu zaman da ya kamata ba. Na fahimci dalili. Wanda ke cikin gidan da aka kewaye ba ya fito da rigimar tsakar gida, musamman idan ya san murya ɗaya ce tak aka ba mutanensa. Amma wannan ma batun kuɗi ne. Da mutum biyar aka ba kyamara a Kanehsatake, da ɗaya ya samu damar yin fim ɗin da ya saɓa wa na Obomsawin, da ita ma an sauke mata nauyin zama bakin kowa. Ƙarancin tallafi yakan tilasta wa mai fasaha ya zama lauya, lauya kuwa ba ya faɗin abin da zai raunana ƙararsa.

Waɗanda suka zo bayanta sun gwada wasu hanyoyi. Zacharias Kunuk, ɗan Inuit na Igloolik, sassaƙe-sassaƙensa ya sayar a Montreal a 1981 ya sayi kyamarar bidiyo, daga baya shi da abokansa suka kafa kamfaninsu, Isuma, a 1990. Sun yi ta karo da tsarin da ya raba manyan kuɗin fim gida biyu, na Ingilishi da na Faransanci, ya bar wa harsunan asali ɗan abin da ya rage. Fim ɗinsu Atanarjuat ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin Cannes na 2001, amma duk da haka bashi ya durƙusar da kamfanin a 2011. Sai kuma Wapikoni, wanda Manon Barbeau ta kafa a 2004 tare da shugabannin Atikamekw: motoci ne da aka mayar ɗakunan shirya fim, suna bin ƙauyuka, su yi makonni, matasa su ɗauki abin da suka ga dama. Duk lokacin da na tuna da shi majigi nake tunawa, sai dai an juya shi. Waccan mota allo take kawowa, wannan kyamara take kawowa. A 2011 gwamnatin tarayya ta janye tallafin da ya kai kusan rabin kasafinsa. Ya rayu, ya kuma tara gajerun finafinai sama da dubu, amma ya rayu ne da yawon neman taimako.

Babban sauyi ya zo bayan rahoton Hukumar Gaskiya da Sasantawa na 2015, wanda ya tona abin da aka yi wa yaran 'yan asalin ƙasa a makarantun kwana. A 2017 hukumar finafinai ta yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shirya finafinanta ga ayyukan da 'yan asalin ƙasa ke ba da umarni. A shekarar ce kuma aka sanar da kafa ofishin allo na 'yan asalin ƙasa, wanda su ke tafiyar da shi, Jesse Wente ya zama shugabansa na farko. Kasafin 2021 ya ba ofishin dalar Kanada miliyan 40.1 na shekara uku, a 2024 kuma aka mayar da tallafin na dindindin, miliyan 13 duk shekara. A kasuwar fim wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, fim ɗin Hollywood guda yakan ci ninkinsa. Muhimmancinsa yana wurin wanda ke zaune a bayan tebur. A karo na farko mai karanta takardar neman tallafi ba ya buƙatar a fara yi masa bayanin 1717. Ofishin ya gina aikinsa kan abin da suke kira ikon mallakar labari, wanda Bahaushe ya riga ya taƙaita da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai dai kuɗin da aka keɓe sukan zo da tasu tambayar: wane ne mai waƙar? A ƙarshen 2020 wani binciken CBC ya sa alamar tambaya kan dangantakar da Michelle Latimer ta ce tana da ita da al'ummar Kitigan Zibi, 'yan watanni bayan fim ɗinta Inconvenient Indian ya ci kyaututtuka a Toronto. Ita ta tsaya kan cewa tana da asalin, amma hukumar ta janye fim ɗin daga bikin Sundance. Ba ni da hurumin yanke hukunci kan jinin kowa. Abin da ya dame ni shi ne sauran 'yan asalin ƙasar da suka yi aiki a fim ɗin, waɗanda guminsu ya tsaya cak tare da shi. Abin ya kuma nuna cewa masu ba da kuɗi sun daɗe suna karɓar kalmar mutum kawai, ba su taɓa ganin buƙatar tambayar al'ummar da ya ambata ba, alhali ita ce ya kamata a fara tambaya.

Duk da wannan ci gaba, ina shakkar ko sabon tsari zai iya haifar da wani Kanehsatake. Mafi yawan tallafin yau na aiki ɗaya-ɗaya ne: ka nema, a duba, a ba ka kuɗin bincike, ka sake nema, a ba ka na ɗauka. Tsari ne mai adalci fiye da na da, domin yana kaiwa ga mutane da yawa. Amma rikici ba ya jiran zaman kwamiti. Abin da Obomsawin ta samu, wato abinci tabbatacce da damar tashi ba sallama da shekarun zama kan hoto guda, shi ne abu mafi tsada kuma mafi wuyar karewa a gaban mai binciken kuɗi, domin ba a iya nuna amfaninsa sai ranar da aka wayi gari an datse hanya. Yanzu kowa na da kyamara a aljihu, saboda haka ɗaukar hoton ba shi ne matsala ba. Shekara ukun da ke biyo baya su ne ba a samu a waya.

Akwai wurin da nake komawa a ƙarshen fim ɗin. Ranar 26 ga Satumba waɗanda suka rage a ciki suka ƙona makamansu suka fito da ƙafa, suna cewa gida za su tafi, ba miƙa wuya suka yi ba. Sojoji ba su shirya wa haka ba, wuri ya hargitse, kyamara na tangaɗi, ana jin kukan yara. A cikin wannan hargitsi ne aka soki wata yarinya 'yar shekara 14, Waneek Horn-Miller, da wuƙar bakin bindiga a ƙirji tana ɗauke da ƙanwarta. Ta rayu, bayan shekara goma kuma ta shiga gasar Olamfik ta Sydney tana cikin jagororin tawagar ƙwallon ruwa ta matan Kanada. An fasa faɗaɗa filin golf ɗin, amma tsohon mai ramuka 9 yana nan, rigimar ƙasar kuma ba a warware ta ba har yau. A daren na uku na bar sunaye suka wuce har ƙarshe, ban tashi ɗebo ruwa ba. Sunan Obomsawin ya fito a wurin rubutawa da ba da umarni, ba sai an jira shekara 48 ba. Layin ƙarshe kuwa, na haƙƙin mallaka, sunan Hukumar Finafinai ta Ƙasar Kanada ne a kansa, kuma kwana 78 na mutanen Kanehsatake suna ajiye a rumbunta.